Inda Ƙafar Ƙato Ba Ta Kaiwa

Matata ta faɗi a bakin famfo da rana tsaka, bokiti a hannunta. Da aka sallamo ta daga asibiti, magana ta dawo, ƙafa ma ta dawo ko da yake tana ɗan ja. Hannun hagu ne bai dawo ba. Yana kwance a cinyarta, yatsu a lanƙwashe, kamar kayan wani da aka ba ta ajiya.

Ɗinki ne sana'arta tun kafin in aure ta. Tela nake ce mata, ita kuma ta ce min Kafinta, don da katako na ci abinci har gwiwa ta zaunar da ni. A gaban yara ne kawai take ce min Malam.

Likitar gashi, wadda ke motsa wa irin su gaɓoɓi a asibiti, ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce hannun bai mutu ba, barci yake yi, amma barcin yana da iyaka. Idan aka bar shi watannin nan ba a sa shi aiki ba, jijiyoyi za su ƙage, yatsu su manne da tafi, daga nan sai dai haƙuri. Ta ba mu ƙwallon roba ta ce a riƙa matsawa. Tela ta riƙe ta kwana biyu, ta ce ita ba jaririya ba ce. Ƙwallon ta gangara ƙarƙashin gado, ba wanda ya ɗauko.

Auta ce ta kawo gem ɗin. Ita ce ƙaramar 'yarmu, tana gyaran waya a wani ɗan shago a bakin titi, kuma ita kaɗai ta rage a gabanmu. Ta jona shi a talabijin ɗin falo. Wasan faɗa ne. Mutum biyu a fili, kowa da layin jininsa a saman kansa, wanda jininsa ya riga ƙarewa ya faɗi. Abin riƙewar, wanda ni rimot nake ce masa, hannu biyu yake so. Na dama shi ke danna maɓallan duka. Babban yatsan hagu shi ke tura wani ɗan turke na roba, wanda ke sa mutum ya yi gaba ko baya, ya durƙusa ko ya yi tsalle. Dabarar Auta ke nan: uwarta ta motsa yatsan ba tare da an ce mata magani ne ba.

Na ce shirme ne. Na ce mace mai jikoki ba za ta zauna tana dukan mutanen talabijin a gidana ba. Ba wanda ya saurare ni.

Cikin 'yan faɗan, Tela ta zaɓi wani ƙato mai sanƙo da tumbi da gajeren wando shuɗi.

“Wannan nake so,” ta ce. “Ya yi kama da babanku lokacin yana cin abinci.”

Sunansa ya zama Ƙato. Ba a jima ba ta gano wani maɓalli. Idan ta danna shi, Ƙato ya sunkuya ya share ƙasa da ƙafa, duk wanda ke gabansa ya kife. Ta kayar da Auta. Babban ɗanmu ya zo ƙarshen mako, ta kayar da shi. Ta kayar da matarsa. Har matar maƙwabcinmu da ta shigo dubiya sai da aka ba ta rimot aka kayar da ita.

Ni ina baranda da rediyona. Ina jin ihu daga falo, ina jin Tela tana cewa, “Tashi mana, ragon banza, a haka ka haifi 'ya'ya?” Ina jin dariyarta, wadda rabona da ita tun ranar famfo. Rediyon nakan rage masa murya. Ba wanda ya lura.

Ranar komawa asibiti ta zo. Likitar ta ɗauki hannun ta ɗora a nata, tana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Babban yatsa ya ƙi. Ta ja shi a hankali ta saki, ya koma cikin tafi kamar da igiya aka jawo shi.

“Baya muke yi,” ta ce. “Ba kwa sa ta aiki a gida?”

Auta ta yi caraf ta ce kullum sai sun yi gem, Mama har ta gagari kowa.

“Da wane hannun take cin ku?”

Auta ta kalli uwarta. Tela ta kafa wa bango ido.

Muka iso gida. Na kai Tela ɗaki, na dawo na tare Auta a baranda.

“Faɗa min gaskiya. Ta iya ne, ko bar mata kuke yi?”

“Baba, abu ɗaya take yi. Tana tsaye wuri ɗaya tana danna maɓalli ɗaya. Mu muke kai kanmu wurin ƙafar.”

“Don me?”

“Don ta yi dariya.”

“To ki daina.”

Ta girgiza kai. “Na taɓa gwadawa. Na tsaya nesa, ta yi ta shurin iska, sai ta juyo ta kalle ni. Wallahi Baba ba zan iya ba. Yaya ma ba zai iya ba.”

A gidan nan duk abin da ba shi da daɗi ni ake bar wa. Ni ke riƙe yaro a yi masa allura. Ni ke cire ƙaya. Ni ke cewa a'a.

“Gobe zan zo shagonki,” na ce. “Ki koya min shirmen.”

Shagon Auta bai fi faɗin gado biyu ba. Kanta ta gilashi cike da matattun wayoyi, fitila mai madubin ƙara girma, ƙarfen narka dalma yana hayaƙi a kan mariƙinsa, ƙananan notuna manne a jikin maganaɗisu kamar tururuwa. Ƙafar kantar ɗaya ta gaza, an tokare ta da kwali. Na nuna mata. Ta ce ba gyaran kanta na zo ba.

A bayan labule tana da ƙaramin talabijin da gem irin na gida, wanda wani ya kawo gyara bai dawo ɗauka ba. Ta zaɓar min wani siriri mai farar riga, ta ce sunansa Tsinke. Ita ta ɗauki Ƙato, ta ɗora hannun hagu a cinya.

“Ni ce Mama. Zo ka same ni.”

Na je. Ta share ni. Na tashi na koma. Ta share ni. Yatsuna kauri gare su, idan na danna maɓalli ɗaya sai biyu su dannu, Tsinke ya yi tsalle kamar an zuba masa ruwan zafi, ya sauka daidai kan ƙafar Ƙato. Wani mai jiran wayarsa ya leƙo ta labule yana murmushi. Na kalle shi. Ya mayar da kansa.

“Baba, da ka faɗi sai ka yi fushi ka rugo. Mai yin abu ɗaya haka yake so a yi masa.”

“Ba ki isa ki koya min fushi ba.”

“Ni a wa? Wannan ai kai ne malaminsa. Ajiye rimot ɗin. Kalla kawai.”

Na ajiye. Ta danna, Ƙato ya share iska. Ta sake. Ta sake.

“Ka ga inda ƙafar ke tsayawa? Ko ya kwana yana yi ba za ta wuce nan ba.”

Wannan na gane shi. Awo ne. Na ce ta ba ni tef na mannawa. Na yanko ɗan guntu na manna a jikin gilashin talabijin, daidai inda yatsan Ƙato ke ƙarewa. Auta ta yi dariya har ta dafe ciki. Ta ce tunda aka ƙera gem ba a taɓa yi masa alamar kafinta ba.

“Amma ya yi,” ta ce, tana share hawaye. “Ya yi ne kawai don Mama ba ta motsawa daga inda aka ajiye ta.”

Da ta faɗi haka dariyar ta tsaya mata.

Na koyi tsayawa bayan tef. Ƙafar na wucewa ta gaban Tsinke har rigarsa ta kaɗa, amma ba ta taɓa shi. Wahalar ba a yatsa take ba. Wahalar ita ce mutum ya ga ana kawo masa shuri ya tsaya cak, bai gudu ba, bai afka ba.

Sai ta koya min na biyu. Ƙafar da ta fita dole ta koma, kuma kafin ta koma mai ita ba ya iya kare kansa. Nan ne ƙofa. Ka taka ka shiga, naushi ɗaya, ka fito.

“Ɗaya, Baba. Ba biyu ba. Da ka yi haɗama ta kama ka.”

Na yi haɗama. Ta kama ni. Sau da yawa.

Na ukun shi ne idan tsautsayi ya sa na matsa da yawa, in ja turken ƙasa da baya, Tsinke ya durƙusa ya tare. Wannan ya fi ba ni wuya, don ban saba durƙusa wa kowa ba, ko a talabijin.

Na yi ta zuwa da hantsi, lokacin da masu kawo waya ba su yi yawa ba. A gida nakan ce zan je duba wa wani ƙofa. Tela ta ce, “Da wace gwiwar?” Na ce da wadda ta rage. Ranar da na cire tef ɗin na kayar da Ƙaton Auta jinina bai ragu ba, ban ga murna a fuskarta ba.

“Baba, ka bi ta a hankali.”

“Bi a hankalin ne ya kawo mu nan.”

Kafin in fita na cire kwalin nan na sa wa kantar katako.

Da yamma, bayan Tela ta sha magani, na shiga falo na ja kujera kusa da tata. Tana zaune a kujerar roba mai hannu, matashi a cinya, rimot a kan matashi, hannun hagu an jingina shi a gefen rimot ɗin yadda Auta ke yi mata.

“Miƙo ɗayan,” na ce.

Ta kalle ni sama da ƙasa. “Ikon Allah. Auta, zo ki ga babanki! Ba kai ka ce shirme ne ba?”

“Har yanzu shirme ne.”

Auta ba ta fito daga kicin ba. Ina jin ta tana ta ƙwanƙwasa tukunyar da ba komai a ciki.

“To zo in kayar da kai, Kafinta,” Tela ta ce ƙasa-ƙasa. “Na daɗe ina so.”

Aka kaɗa ƙararrawa. Ƙato ya fara shara. Na tako na tsaya inda na auna. Ƙafa ta wuce. Ta sake wucewa.

“Matso mana.”

“Ke ki matso.”

“Tsoro kake ji, tsoho?”

Ƙafa ta fita, na shiga, naushi ɗaya, na fito. Jinin Ƙato ya ragu. Ta yi dariya ta ce sa'a ce. Na sake. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta fara danna maɓallin da sauri, ina jin ƙararsa, ƙas ƙas ƙas, kamar keken ɗinkin da zare ya ƙare masa. Ban kalle ta ba. Na san idan na kalle ta zan yi abin da yara suka yi. Na shiga, na fito. Na shiga, na fito. Ƙato ya yi wani gurnani ya zube ƙasa. A gidan nan ba a taɓa jin wannan gurnanin ba.

Sai ƙarar fanka kawai.

Ta sa hannun dama ta ture rimot ɗin ya faɗi a siminti.

“Auta,” ta ce. “Zo ki kai ni ɗaki.”

Washegari babban ɗanmu ya zo. Ko Auta ce ta kira shi ko uwarsa, ban tambaya ba. Ya gaishe ni a baranda, ya daɗe yana juya makullin mota a hannu.

“Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Abu ɗaya ya rage mata da ke sa ta dariya.”

“Na sani.”

“To me ya kawo haka?”

“Uwarka hannu biyu gare ta.”

“Idan ta ajiye gaba ɗaya fa? Ta ƙi ƙwallon, yanzu ta ƙi wannan. Sai me?”

Na juya na kunna rediyona.

Ta kuwa ajiye. Ta daina gem, ta daina yi min magana. Abin da na saba yi mata da safe ban fasa ba: ruwan ɗumi a roba, tawul, in gasa hannun, in shafa mai, in buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya yadda likita ta nuna, sannan in ɗaura mata ɗankwali. Ban iya ɗaurin ba. Kullum sai ya karkace. Da, sai ta kalli madubi ta ce wanda ya iya daidaita ƙofa ya kasa daidaita ƙyalle. Yanzu sai ta juya fuska bango ta bar ni. Gara zagin.

Da yamma nakan kunna gem, in ɗora mata rimot a matashi, in zauna da nawa. Ƙato da Tsinke su yi ta rausaya a tsaye suna kallon juna, har agogon wasan ya ƙare, a sake sabo. Ita tana kallon taga. Ni ina kallon talabijin. Wani lokaci nakan tambayi kaina ko ɗan nawa ne mai gaskiya. Mace ta samu abin dariya ɗaya a cikin ciwo, na zo na ƙwace. Idan hannun ya ƙage duk da haka, na yi asarar biyu. Ban faɗa wa kowa ba. Na ci gaba da kunnawa.

Wata yamma surukarmu ta shigo da lemo a leda. Ta ga yadda muke, ta ce, “Mama, kawo in yi da ke, ki rama a kaina.” Ta miƙo hannu ga rimot ɗina.

“A gidan nan,” na ce, “ba mai wasa da ita sai ni.”

Yarinyar ta janye hannu kamar ta taɓa wuta.

“Kin ji mulki,” Tela ta ce wa taga. Maganarta ta farko ke nan a gabana.

Bayan surukar ta tafi, ina zaune ina kallon mutanen biyu, sai na ga Ƙato ya taho. Yana takowa sosai. Na duba cinyarta. Hannun dama ne ta tsallako da shi tana tura turken. Na hagu yana nan inda yake.

Auta ba ta koya min wannan ba, amma ba ya bukatar koyarwa. Yatsan da ke kan turke ba ya kan maɓalli. Na shiga na nausa. Ta mayar da hannu ga maɓalli, na ja baya. Ta dawo turke, na shiga.

“Azzalumi,” ta ce. “Mugun tsoho. Shekara nawa ina dafa maka abinci?”

“Da hannu biyu kika dafa.”

“Allah ya sa gwiwarka ɗayar ma ta tsaya.”

“Amin. Sai mu zauna tare.”

Ƙato ya faɗi. Ba ta ture rimot ɗin ba wannan karon. Ta zauna tana huci, idonta ya cika, ta ƙi bari ya zubo.

Da safe ina gasa mata hannu, fuskarta a bango, sai ta ce, “Kana zaton ban sani ba?”

“Me?”

“Cewa bar min suke yi. Ni na haife su. Wancan babban tun yana ƙarami idan zai yi ƙarya kunne yake sosawa. Duk faɗuwar da ya yi sai ya sosa.”

“To me ya sa kika biye musu?”

Na matse tawul, na sake ɗorawa.

“Tun ranar ƙwallon nan ban sake gwadawa ba,” ta ce. “Na ce wa hannun ya matsa. Bai ji ni ba, Kafinta. Kamar ka yi ta sallama a gidan da ba kowa. Sai na ji tsoro. Idan ban sake gwadawa ba, zan iya cewa barci yake, kamar yadda likita ta ce. Idan na gwada ya ƙi, shi ke nan, na sani.”

Ni ban iya daɗin baki ba. Ta san haka tun kafin ta yarda da ni. Na zuba mai a tafina, na kama babban yatsan.

“Idan ya ƙi, ya ƙi,” na ce. “Zan ci gaba da ɗaura miki ɗankwali.”

“A karkace.”

“A karkace. Amma sai ya ƙi a gabana tukuna. Ba zan yarda da labari ba.”

Ta ja hanci. “Ruwanka ya huce,” ta ce. Na tashi na ƙaro na zafi.

Ran nan da yamma ban riga na taɓa talabijin ba ta ce, “Kunna.” Na kunna. Na ɗora mata rimot. Ta kalli hannun nata kamar baƙon da take jin nauyinsa.

“Ɗora min shi.”

Na ciro yatsan daga cikin tafi na ɗora a kan turke. Ya zame. Na sake ɗorawa, na gyara matashin ya tokare mata gwiwar hannu. Ya zauna.

Aka kaɗa ƙararrawa. Na kai Tsinke inda na saba. Ƙato bai yi shara ba. Yana tsaye. Ni ba talabijin nake kallo ba, hannun nake kallo. Kafaɗarta ta ɗaga. Gwiwar hannun ta fara rawa. Ta ciji leɓe, gumi ya tsatso mata a goshi. Duk jikinta yana turawa, ban da yatsan. Agogon wasan ya ƙare.

“Sake,” ta ce.

Aka sake. Haka aka kuma yi. Gumin ya gangaro har wuya. Na so in ce ya isa na yau. Na haɗiye.

Auta ta dawo daga shago ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Na yi mata ido. Ba ta shigo ba, ba ta koma ba.

“Sake. Kuma ka daina kallona kamar wata mara lafiya. Kalli mutuminka.”

Na mayar da ido talabijin. Ƙato na rausaya, Tsinke na rausaya, fili tsakaninsu bai fi tafin hannu ba. Ina jin numfashinta. Ina jin kujerar roba tana ƙara. Agogo ya ci rabi.

Sai Ƙato ya karkata. Ya ɗaga ƙafa ya ajiye gaba. Taku ɗaya, shi ma bai cika ba. Kafin in ankara ya sunkuya, ƙafar shuɗin wando ta zo ta kwashe Tsinke, ya faɗi a bayansa.

Na duba cinyarta. Hannun dama yana wurinsa, a kan maɓalli. Babban yatsan hagu yana kan turke, ya ɗan tura shi gefe, yana karkarwa.

Jakar Auta ta sulale ƙasa. Ta toshe baki da hannu biyu.

Tela tana haki kamar wadda ta hau bene a guje. Ba ta kalle ni ba. Yatsan take kallo.

“Ya ji ni,” ta ce. “Kafinta, ya ji ni.”

“Na gani.”

Tsinke ya miƙe. Jinina ya ragu kaɗan, nata yana cike. Auta ta matso bayana ta raɗa min, “Baba, don Allah bar mata wannan.”

“Ina jin ki,” Tela ta ce. “Idan ya bar min, ku duka biyun ba mai sake jin muryata.”

Ban bar mata ba. Yatsan ya gaji, ya zame daga turken, bai sake motsawa ba a wannan zagayen. Ta koma shara a wuri ɗaya. Na shiga, na fito, har Ƙato ya yi gurnaninsa ya zube. Ta kama bakin ɗankwali ta goge fuska. Ta sha ruwan da Auta ta miƙo mata.

“Sake.”

“Mama, ki huta mana.”

“Na huta ya isa. Malam, ɗora min.”

Na ajiye nawa rimot ɗin na kama yatsan. Da ɗumi a jikinsa. Na ɗora shi a kan turke, na riƙe har na tabbata ya zauna, wataƙila ma na ɗan wuce haka. Na koma kujerata. Na ɗauki rimot ɗina na ɗora a gwiwa.

Aka kaɗa ƙararrawa. Na kai Tsinke inda na saba tsayawa. Sannan na ƙara ja da baya.

“Kin ga mugun ko?” Tela ta ce wa Auta. “Yanzu taku biyu yake so.”

“Biyu,” na ce.

Ta gyara zama, ta sunkuyar da kai ga hannun, kafaɗarta ta fara ɗagawa.